Shulian Mai Zama

In ka tambayi tsofaffin ƙauyenmu wace ce Hao Shulian, abin da za su fara ce maka shi ne ba ta iya gaisuwa ba. Kuma ba ƙarya suka yi mata ba. Za ta shigo gidanka ba ta tambayi lafiyar tsohon gida ba, ba ta tambayi amfanin gona ba, sai dai ka gan ta ta ɗaga bargo tana leƙa jaririnka. Ni kaina na daɗe ina jin haushinta kafin na gane irin mutumin da muka samu. Yau kuwa duk wanda ya taɓa sunanta da mugun baki a gabana, to, mun ɓata ke nan.

A nan Yushugou aka haife ta, can ƙarshen kwari, a cikin ɗakunan nan namu da ake haƙawa a jikin tudu. Ta yi aji shida, wanda a lokacin ya ishi mace ta zama mai ilimin gari. Da aka ce kowace ƙungiyar noma ta ba da mutum ɗaya a koya masa aikin lafiya, ita aka tura. Wata uku ta yi a gunduma, ta dawo da akwatin fata, da allura biyu, da wani littafi mai kaurin bulo. Likita marar takalmi ake ce wa irinsu, ko da yake Shulian na da takalmi, na ƙyalle, kuma ita ke ɗinka abinta. Da safe tana gona kamar kowa. In an kira ta, ta yar da fartanya ta ɗauki akwati.

Tana da ƙane, Shugen. Yana ɗan shekara uku zazzaɓi ya kama shi a lokacin zafi, da zazzaɓin ya sauka ƙafafunsa ba su ƙara ɗaukarsa ba. Shan inna ne. Ya girma yana tafiya da hannu, riƙe da guntayen katako biyu don kada tafinsa ya tsage, yana saƙar kwanduna a ƙofar gidansu, ga baki kamar wuƙa. Shulian ba ta taɓa kawo zancensa a wurin aiki ba, kuma ba wanda ya isa ya kawo mata.

Ni an kawo ni garin ne amarya, gidan Genlai, shekara ta zagayo na haifi Fenfen. Tana da wata biyar, a tsakiyar sanyi, aka kawo alawar rigakafin shan inna. 'Yar dunƙulalliyar alawa ce mai zaƙi, guda uku ga kowane yaro, ɗaya kowane wata. Ba mu da firij, ko lantarki ba mu da shi, shi ya sa ake rabon a lokacin sanyi. Shulian kan fasa ƙanƙara a rafi ta zuba a fulas mai faɗin baki, ta binne alawar a ciki, ta rataya ta bi gida gida. Dokar alawar ɗaya ce, kuma ita ce ta jawo duk rigimar. Maganin da ke ciki mai rai ne, zafi na kashe shi. Don haka da ruwan sanyi ake ba yaro, kuma sai an yi rabin awa kafin ya sha nono ko wani abu mai ɗumi.

To mu mutane ne da ba ma shan ruwan sanyi ko da rana ta tsaya a ka. Ciwon ciki, tari, gudawa, rashin haihuwa, duk a wurinmu sanyi ne ya shiga. Ka ce wa kaka ta ɗura wa jika ruwan sanyi a watan da fitsari ke daskarewa kafin ya kai ƙasa, kamar ka ce mata ta jefa shi rijiya ne.

Ranar da Shulian ta zo gidanmu sama ta yi nauyi, dusar ƙanƙara na shirin sauka, ga yara goma sha ɗaya na jiranta a unguwar kan tudu. Fenfen ta yi kuka duk safiya, barci bai daɗe da ɗaukarta ba. Surukata, wadda gari ke kira Tsohuwa Wei, ta ce ba a ta da jariri daga barci, kurwarsa na yawo, in aka firgita shi ba za ta gane hanyar dawowa ba. Shulian ta dubi sama, ta dube ni. Ta sa alawar a ƙaramin kofi ta ajiye a bakin taga ta waje inda sanyi yake, ta ce in ta farka in murƙushe da cokali, in ba ta da ruwan da aka tafasa ya huce sarai. Sau uku ta faɗa mini, na ce na ji. Ta sa alama a gaban sunan Fenfen ta wuce.

Da yarinya ta farka na ɗauko kofi na nufi randa. Surukata ta karɓe shi daga hannuna ba tare da ta ɗaga murya ba.

"Ke, uwar Fenfen, kanki ɗaya kuwa? A wannan sanyin ko alade ba a ba shi ruwan randa. 'Ya'ya bakwai na haifa, yarinyar da ta yi wata uku a gunduma ce za ta koya mini reno?"

Ta tsiyaya daga butar da ke kan murhu, alawar ta narke nan take, ta hura sau biyu ta ba jikarta. Ni kuwa ina tsaye ina kallo, ban hana ta ba. Shekarata ashirin da ɗaya, a gidan mutane, kuma an tarbiyyantar da ni cewa suruka ba ta mayar wa uwar miji magana. Duk wannan gaskiya ne, amma har yau in na tuna tsayuwar nan kunya nake ji. Kada kuma ka ɗauka Tsohuwa Wei muguwa ce. A cikin bakwai ɗin da ta haifa uku ta binne da hannunta, duk a lokacin sanyi, kuma Fenfen ce hasken idonta.

Da bakinta asirin ya tonu. Bayan kwana huɗu mata na jiran layi a dutsen niƙa, ta hau ba da labarin yadda alawar ke narkewa lafiya lau a ruwan zafi, ba sai an wahalar da yaro ba. Sai tsofaffi suka kwashe da dariya, kowacce ta fito da nata. Wannan ta ce ita tana barin Shulian ta ba da ruwan sanyinta, tana juya baya sai ta bi da kunun gero mai zafi don ta kori sanyin. Waccan ta ce ita nono take sa uwar ta cusa wa yaro tun likitar ba ta kai ƙofa ba. Babu wadda ta lura Shulian na bayansu da buhun masararta. Ba ta yi faɗa ba. Ta ajiye buhun ta tambaye su ɗaya bayan ɗaya, wa da wa, sannan ta bi sauran gidaje. A cikin yara arba'in da ɗaya, goma sha bakwai sun sha alawar banza.

Da ta iso wurina ina wanki, na kasa ɗaga kai.

"Matar Genlai, sau nawa na faɗa miki?"

"Sau uku, Yaya."

"To ni ce ban iya aiki ba. Da na zauna."

Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ta ce mini ƙarara, yadda take magana ba kwana-kwana, cewa a wurin ciwon nan Fenfen daidai take da wadda ba ta sha komai ba, kuma shi a lokacin zafi yake zuwa. Rafi kuwa zai narke nan da wata biyu da 'yan kwanaki, in ya narke babu ƙanƙarar da za a riƙe alawa. In ba a soma daga farko yanzu ba, 'yata za ta shiga lokacin zafi ba ta da kariya. Daga ranar kullum idona na kan ƙafafun Fenfen.

Ga abin da ya sa nake alfahari da ita. Ta riga ta aika takarda asibitin gunduma cewa kowane yaro ya sha, har an sa sunanta cikin waɗanda za a maƙala wa jan furen yabo a taron sabuwar shekara, ƙungiyarmu kuma ta samu tuta. Babu wanda zai taɓa sanin abin da ya faru in ta yi shiru, tsofaffin ma ba su ɗauka sun yi laifi ba. Ta ɗaura ɗankwali ta taka rabin yini cikin dusar ƙanƙara, ta je ta ce a soke takardarta, aikinta ya lalace. Babban wurin ya ce alawa a ƙidaye take, babu rara, ta koma gida ta daina neman wa kanta magana. Ta koma gida, bayan kwana uku ta sake zuwa. Ta sake zuwa na uku da gurasar masara a aljihu, ta zauna a bencin ƙofar ofishinsa daga safe har ya fito cin abinci, ya dawo ya tarar da ita. A kwana na goma sha biyu aka tattaro mata ragowar wasu garuruwa. Furen ya tafi, tutar ta tafi, shugaban ƙungiyarmu ya yi wata guda ba ya amsa mata magana, wanda ban ga ya dame ta ba tunda dama ita ba mai gaisuwa ba ce.

Gidanmu ta fara zuwa, da hantsi. Surukata ta ji labari, ta haye can ƙuryar kang, gadon nan namu na bulo da ake hura wuta a ƙarƙashinsa, ta jingina da bango ta rungume Fenfen. Yarinyar na ɗan tari a lokacin, kuma tsohuwa ta ce sai dai a bi ta kan gawarta. Genlai ya tuna yana da aiki a garken ƙungiya, ya sulale. Maza ke nan.

Shulian ta bar fulas a waje, ta duba Fenfen daga inda take ta ce tarin ba komai, babu zazzaɓi. Sannan ta zauna a bakin gado, ta zaro tafin takalmi da basilla da zare daga aljihu, ta hau ɗinki. Tsohuwa ta yi ta magana. Ta kira sunayen 'ya'yanta uku da suka mutu, ta ce Shulian ba ta taɓa haihuwa ba balle ta san zafin ɗa, ta ce tun tana yawo ba wando ta san ta. Shulian ta ce, "Haka ne, Goggo," ta ci gaba da jan zare. Har rana ta kai tsaka babu wadda ta motsa.

Sai muka ji ƙwas, ƙwas a tsakar gida. Shugen ne. Ba wanda ya kira shi. Ya ji abin da ake ciki, ya taho tun daga ƙarshen kwari da katakansa biyu, yana jan jiki a kan ƙanƙara, wandonsa ya jiƙe sharkaf. Shulian ta miƙe fuskarta ta yi ja, ta ce wa ya aike shi, ya koma gida. Bai ko dube ta ba. Ya ɗaga labule ya tsaya a bakin ƙofa, kansa bai wuce tsayin gadon ba.

"Goggo, ina wuni. Na ji ana rabon alawa ne na ce bari in zo, ko za a ba manya."

Tsohuwa ta ce ya shigo ya ji ɗumi, kada sanyi ya kama shi.

"Ai ni sanyi bai taɓa kama ni ba, Goggo. Kin san babarmu, ƙawarki ce. Tun da aka haife ni ɗigon ruwan sanyi bai taɓa shiga bakina ba. Ba ki ga yadda na yi ƙato ba?"

Yana murmushi ya faɗa. Ni dai ban san lokacin da na hau gadon ba. Na durƙusa gaban surukata na ce, "Mama, ba ni ita." Na miƙa hannu, ban janye ba. Ta dube ni kamar ba ta taɓa ganina ba, ta dubi Shugen, sai na ji hannunta ya saki. Ta juya fuska bango.

Shulian ta ɗauko alawar, ta murƙushe tsakanin cokali biyu, ta zuba ruwan da ta zo da shi a kwalba. Fenfen ta yamutsa fuska da sanyin, ta ji zaƙi, ta lashe cokalin tana neman ƙari. Daga nan Shulian ta koma mazauninta, ta sa jikinta tsakanin gado da murhu, ta ɗauki ɗinkinta. Ba ta da agogo, amma ta auna a asibiti cewa layi huɗu na tafin takalmi rabin awa ne. Sai da ta cika layi huɗu ta ce a ba yarinya nono, sannan ta fita tana yi wa ƙanenta faɗa har suka ɓace.

Tun daga ranar ba ta ƙara barin alawa a hannun kowa ba, kuma ba ta ƙara fita gida ba sai ta yi layinta huɗu. Aikin kwana biyu ya koma na kwana tara. Mutane suka sa mata Shulian Mai Zama. In baƙo ya daɗe a gidanka sai a ce, ko alawa ya kawo? Ana cewa duk takalmin da ke ƙafar 'yan gidansu a gadon mutane aka ɗinka shi. Akwai kakar da ta taɓa ɓoye kunu a ƙarƙashin bargo, Shulian ta ga tururi, ta ɗauko kwanon ta shanye a gabanta ta ce ya yi daɗi amma gero ya yi kaɗan. Kafin rafi ya narke ta sa aka sare mata manyan ƙanƙara aka binne a ramin dankali ƙarƙashin ƙaiƙayi, da su ta kai alawa ta uku lokacin da har bishiyoyi sun fara toho.

A lokacin zafin shekarar ciwon ya shigo kwarin da ke bayan tudunmu. Yara huɗu muka ji ya kwantar, kuma kasuwarmu ɗaya da su. Fenfen ta fara taku ke nan, tana bin bango. Wata safiya ta tashi da zazzaɓi, ta ƙi nono, ta ƙi tsayawa. Kwana uku jikinta kamar garwashi. Ni ban iya cin abinci ba, surukata kuwa ta zauna tana murza ƙafafun yarinyar, kuma na san lissafin da take yi, don ni ma shi nake yi. Shulian na zuwa safe da yamma, ta lanƙwasa mata wuya, ta matsa cinya, ta tafi.

Rana ta huɗu zazzaɓi ya sauka, kuma kowa a garin nan ya san a irin wannan ranar ake gane ko ƙafafu sun shanye. Shulian ta ɗauke ta ta tsayar a kan gado, ta riƙe ta a hammata, sannan ta saki. Fenfen ta yi tangaɗi. Ta hangi kwanon ƙwai a hannun kakarta, ta ɗaga ƙafa ɗaya, ta ɗaga ɗayar, ta yi taku biyar ta faɗa cinyar tsohuwa. Na fashe da kuka. Surukata ta ce kaji sun shiga lambu, ta fita da 'yan ƙafafunta da aka ɗaure tun tana yarinya don kada su girma, kamar yadda ake yi wa matan da, ta daɗe tana korar kajin da babu su.

Na ce wa Shulian alawarta ce ta cece ta. Ta ce ita ba ta sani ba, watakila zazzaɓin haƙori ne, in daina surutu in dafa wa yarinya kunu. Ita ke nan, ko yabo ba ta iya karɓa ba. Ni dai abin da na sani, daga wannan shekarar ba a ƙara samun yaron da ciwon nan ya taɓa a Yushugou ba. Tsohuwa Wei ba ta taɓa cewa ta yi kuskure ba har ta mutu. Amma da sanyi ya zagayo ita ce ke bin Shulian gidajen maƙwabta tana tsare buta, tana gaya wa matasan mata cewa ita dama tun farko ta faɗa.

Shekara talatin da wani abu Shulian ta yi tana aikin. Lantarki ya zo, firij ya zo, aka gina ɗakin shan magani aka kawo 'yan mata masu farar riga, ta miƙa musu akwati ba tare da biki ba. Hanyoyin ƙanƙarar nan kuwa sun ci gwiwoyinta. Da ta haura saba'in ko tsakar gida sai da sanda biyu.

Shekaru uku da suka wuce, kwana biyu kafin sabuwar shekara, ta faɗi a ɗakinta ƙugunta ya goce. Motar asibiti ta kasa hawowa saboda santsi, ta tsaya can ƙasa a bakin gada. Samarin gari duk suna birni ba su iso ba tukuna, sai mu tsofaffi. Fenfen ce ta zo hutu da wuri, mace mai shekara arba'in da biyar, tana koyarwa a birni, da 'ya'yanta biyu. Ta cire dogon takalminta ta sa na babanta, muka ɗaura mata Shulian a baya da bargo, ta kama gangaren nan mai santsi tana taka shi a hankali. Ina biye da su da jakar kaya, ina jin tsohuwar na nishi. Da suka kai wurin da ya fi santsi Fenfen ta ɗan zame, ta tokare. Sai na ji muryar Shulian daga cikin bargo.

"Ke, yi a hankali. Ƙafafun nan aikina ne, kada ki karya mini su."

Fenfen ta yi dariya, ta gyara goyonta, ta ci gaba da sauka har bakin gada. Ni kuwa na tsaya a nan kan gangaren, hawaye sun hana ni ganin hanya.